Ido da Lafiyar Jiki: Ina Gaskiyar Iridoloji?

 



An nemi in yi magana a kan wata hanyar binciken lafiya da ake kira iridoloji. Masu wannan sana'a suna cewa idan suka duba baƙin idon mutum da kyau, za su gane halin da ƙodarsa da hantarsa da hanjinsa suke ciki, ba a ɗebi jini ba, ba a karɓi fitsari ba, ba a ɗauki hoton ciki ba. Magana ce mai daɗin ji, musamman ga wanda ya san tsadar gwaji da tsawon layin asibiti. Zan faɗi matsayina tun yanzu, don kowa ya auna hujjojina da kansa: ido yana tona asirin cututtuka da yawa, likitoci kuma suna amfani da hakan kullum, amma taswirar iridoloji ba ta cikin hanyoyin da suka tsallake jarrabawa.

Mu fara da sanin wurin da ake magana a kai. Idan ka dubi idon ɗan'uwanka a cikin haske, abu uku za ka gani. Akwai farin ido. Akwai zobe mai launi, wanda a wurinmu ruwan ƙasa ne mai duhu har muke ce masa baƙin ido, a wurin wasu Turawa kuma shuɗi ne ko kore ko ruwan toka. Sai ɗigon da ke tsakiya, wanda ƙofa ce kawai da haske ke bi ya shiga. Faɗin zoben nan kimanin milimita 12 ne. Tsokoki biyu ne ke aiki a cikinsa: ɗaya tana tsuke ƙofar idan haske ya yi yawa, ɗayar tana buɗe ta idan an shiga duhu. A kan wannan ɗan zobe aka gina iridoloji gaba ɗayanta.

Asalin abin

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni wani likita ne ɗan ƙasar Hangari, Ignaz von Péczely, wanda aka haifa a 1826 ya rasu a 1911. Labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne, yana yaro ya kama mujiya, a cikin kokawar ƙafarta ta karye, sai ya ga wani baƙin layi ya bayyana a ɓangaren ƙasa na baƙin idonta. Ya yi jinyarta, ƙafar na warkewa layin na dusashewa. Da ya girma ya zama likita a birnin Budafes, sai ya riƙa duba idanun marasa lafiyarsa yana zana abin da ya gani, har ya wallafa taswirarsa a farkon shekarun 1880.

A ƙasar Suwidin kuma an yi wani limamin coci, Nils Liljequist, wanda ya sha kwinin da aidin da yawa yana matashi, ya kuma yi imani cewa su ne suka sauya masa launin ido. Ya fitar da nasa littafin a 1893. A Jamus wani limamin cocin, Emanuel Felke, wanda ya shahara da yi wa mutane magani da yumɓu, ya yaɗa abin sosai, har yau kuma a Jamus ɗin akwai masu maganin da ba likitoci ba da ke amfani da shi. Daga nan ya tsallaka Amurka, inda Bernard Jensen ya zama babban malaminsa. Littafinsa ya fito a 1952, taswirarsa kuma ta bazu a bangon masu wannan sana'a a faɗin duniya. Jensen ya rasu a 2001.

Ku lura da yadda abin ya taso. Mutum ɗaya ya ga wani abu, ya fassara shi, ya zana, almajirai suka kwafa suka ƙara nasu. A wancan zamani haka ilimin likitanci da yawa ya faro, ba aibi ba ne. Aibin yana zuwa ne idan aka tsaya a nan, aka ƙi sake dubawa. Labarin mujiyar ma da sauƙin tantancewa yake. A Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da wurin kowane maɗori a ƙauyukanmu, kullum ana kai masu karaya. Da karyewar ƙafa tana zana layi a baƙin ido, da tuni maɗora da likitocin ƙashi sun mayar da shi abin dubawa na farko.

Abin da taswirar ke cewa

Taswirar tana ɗaukar baƙin ido kamar fuskar agogo, ta yanka shi gida-gida, kusan gida 80 zuwa 90. Ƙwaƙwalwa tana sama wajen ƙarfe 12, ƙoda tana ƙasa kusa da ƙarfe 6. Zoben da ya fi kusa da ɗigon tsakiya na tumbi ne, na bayansa na hanji, bakin gefe kuma na fata. Idon dama yana wakiltar ɓangaren dama na jiki, don haka hanta da matsarmama suna can. Zuciya da saifa suna idon hagu.

Ga yadda zaman yake gudana. Za a zaunar da kai, a haska maka 'yar fitila a ido, a duba da gilashin ƙara girma, ko a ɗauki hoto da kyamara a ɗora shi a allon kwamfuta. Sai ka ga idonka ya cika allo, ga zare-zare, ga ramuka ƙanana, ga ɗigo-ɗigo da ba ka taɓa sanin kana da su ba. Mai dubawa ya ɗora taswira a kai, ya nuna wani tabo da alƙalami ya ce, "Alhaji, ka ga nan? Hantarka ce ta gaji. Wannan zoben kuma datti ne ya taru a hanji." Wanda ya ga idonsa a allo haka, ya ga tabon da idonsa, da wuya ya yi musu. Tabon kuwa yana nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Abin tambaya shi ne ko yana da alaƙa da hanta.

Masu iridoloji suna cewa akwai jijiyoyi da ke ɗauko saƙo daga kowace gaɓa su kai shi gidanta a cikin baƙin ido. Masana ilimin sassan jiki sun daɗe da bin jijiyoyin ido ɗaya bayan ɗaya. Babbar jijiyar gani tana kai saƙo ne daga bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin da ke zuwa baƙin ido kuma an san aikinsu: tsuke ƙofar haske, buɗe ta, da jin zafi. Ba a samu wata hanya da ta tashi daga ƙoda ta sauka a ƙarfe 6 na baƙin ido ba. Ƙari a kan haka, taswirorin suna da yawa, kuma ba su yi daidai da juna ba. Gidan da wani malami ya ba wata gaɓa, wani malamin ya ba wata daban.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. An zana waɗannan taswirori ne a Turai, a kan idanu masu haske da zarensu ke fitowa fili. Makarantar Jamus ta raba mutane gida uku bisa launin ido: masu shuɗi, masu ruwan ƙasa, da masu gauraye, kowane gida da cututtukan da aka ce ya fi saurin kamuwa da su. A wannan lissafi, kusan duk mutanen Afirka da yawancin mutanen Asiya sun faɗa gida ɗaya. Duk wanda ke cikin ɗakin nan, da mai sikila da mai ciwon suga da lafiyayye garau, hukuncinsu ɗaya ke nan tun kafin a haska fitila.

Da aka sa ta a ma'auni

Rashin sanin yadda abu ke aiki bai isa a jefar da shi ba. An daɗe ana warkar da zazzaɓin cizon sauro da ɓawon itacen da ake samun kwinin kafin a san ƙwayar cutar. Don haka masu bincike suka ce a bar gardamar jijiya, a gwada abin da kansa. Hanyar kuwa mai sauƙi ce: a tara mutanen da aka tabbatar suna da wata cuta da waɗanda aka tabbatar ba su da ita, a ɗauki hoton idanunsu, a cakuɗa hotunan, a miƙa wa gwanayen iridoloji ba tare da sun ga masu idanun ba, a ce su ware.

A 1979, a birnin San Diyego na Amurka, Allie Simon da abokan aikinta suka yi haka da ciwon ƙoda, aka wallafa sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Mutum 143 aka ɗauka: 48 gwajin jini ya nuna ƙodarsu ta taɓu, 95 lafiyarsu ƙalau. Gwanaye uku suka duba, cikinsu har da Bernard Jensen da kansa. Ba wanda ya iya warewa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora wa kashi 88 cikin 100 na lafiyayyun ciwon ƙoda. Wani kuma ya wanke kashi 74 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya kai ga buƙatar wankin ƙoda, ya ce lafiyarsu lau.

A 1988, Paul Knipschild na ƙasar Holan ya sake gwadawa da ciwon matsarmama. Ya ɗauki hoton idon dama na mutum 39 da ke jiran a yi musu tiyata a cire musu ita, da na wasu 39 da ba su da ciwon. An zaɓi wannan cuta ne don masu iridoloji suna ganin tana cikin masu sauƙin ganewa, kuma likitan tiyata zai ga matsarmamar da idonsa, babu sauran shakka. Gwanaye biyar suka duba. Kusan rabin amsoshinsu suka dace, rabi suka kuskure, daidai da abin da mai canki-canka zai samu. Abin da ya fi wannan muni, su biyar ɗin ma ba su yi ittifaƙi a tsakaninsu ba. Hoto ɗaya, wannan ya ce mai ciwo ne, wancan ya ce lafiyayye.

A 2005, Karsten Münstedt da abokansa a Jamus suka gwada da ciwon daji. Mutum 110, 68 daga cikinsu an tabbatar suna da shi ta hanyar gwajin tsoka, na mama ko mahaifa ko hanji da makamantansu, 42 ba su da shi. Gogaggen mai iridoloji ya duba su, ya gano 3 kacal. Kafin wannan, a 2000, Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Ekseta a Ingila, wanda aikinsa shi ne nazarin magungunan da ba na asibiti ba, ya tattara abin da aka rubuta a kan iridoloji, ya ware binciken da aka yi bisa ƙa'ida, ya yanke cewa ba ta da amfani wajen gano cuta, kuma tana iya cutarwa.

Da waɗannan sakamako suka fito, wasu masu sana'ar sai suka sauya harshe. Suka ce su ba cuta suke ganowa ba, raunin gaɓa suke gani da abin da mutum zai iya kamuwa da shi nan gaba. Ku auna wannan magana. Idan ciwon ya zo, a ce ai mun faɗa. Idan bai zo ba, a ce maganinmu ne ya tare shi. Ta kowace fuska mai dubawa bai faɗi ba, abin da kuwa ba shi da hanyar faɗuwa a jarrabawa ba shi da hanyar cin ta. Sannan wace ƙoda ce ta fi ta mai wankin ƙoda rauni? Idan wannan raunin bai fito a taswira ba, wanne ne zai fito?

Shaidar da ta zo daga wani gari

Hujja mafi ƙarfi ba daga likitoci ta fito ba, daga masu kimiyyar kwamfuta ta fito. Zanen baƙin ido yana fara samuwa ne tun jariri na wata na uku a ciki, yana kammaluwa wajen wata na takwas. Launi kan ƙara duhu bayan haihuwa, amma tsarin zaren da ramukan yana nan yadda yake. Na kowa daban ne. Ko tagwaye masu kama ɗaya nasu ya bambanta, kai ko idon dama da na hagu na mutum ɗaya ba iri ɗaya ba ne.

A kan wannan ne John Daugman na Jami'ar Kambirij ya ƙirƙiro lissafin tantance mutum da baƙin idonsa, ya yi masa rajista a 1994. Indiya ta ɗauki hoton idanun mutane fiye da biliyan 1 a shirinta na katin shaida mai suna Aadhaar. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana amfani da shi wajen tantance masu karɓar tallafi. Akwai kuma labarin Sharbat Gula, yarinyar nan 'yar Afganistan da aka ɗauki hotonta a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, hoton ya fito a bangon mujallar National Geographic. Da aka gano ta a 2002, fuska ta sauya, ta sha gudun hijira da haihuwa da wahalar rayuwa, amma da Daugman ya kwatanta zanen idonta a hotunan biyu, sai ya tabbatar ita ce. Da baƙin ido yana sauyawa duk lokacin da hanta ta gaji ko hanji ya cushe, da na'urorin nan sun riƙa korar mutane bayan kowane zazzaɓi.

Abin da ido ke nunawa da gaske

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A asibitin karkara, mai juna biyu ta zo awo tana kukan jiri da kasala. Kafin komai, ungozoma za ta sa babban yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa. Idan cikin ya yi ja, sai hankali ya kwanta. Idan ya yi fari fat, ta san jini ya yi ƙasa, sai ta tura a auna. Uwa ta ga farin idon jaririnta ya yi rawaya, ta ce shawara ce, kuma ta yi gaskiya: wani sinadari ne da hanta ya kamata ta tace ya taru a jini. Yaron da ke dundumi da magariba, aka ga wani busasshen tabo mai kama da kumfa a farin idonsa, ƙarancin bitamin A ke damunsa. Idanu su firfito, a duba maƙogwaro, don sau da yawa sinadarin da ke fitowa daga nan ne ya yi yawa. Ɗigon tsakiya ya tsuke ya zama kamar kan allura a mutumin da ya suma, likita zai yi zargin ƙwayoyin maye. Jaririn da ɗigon idonsa ke haskawa fari a hoto, a gaggauta kai shi asibiti, don yana iya zama ciwon dajin ido.

Baƙin idon kansa yana da alamominsa na gaskiya. Ciwon suga da ya yi nisa yana sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro a kansa. Tarin fuka na iya kumbura shi. Wasu magungunan ɗigawa na hawan jinin ido suna ƙara masa duhu. A gilashin da ke gabansa kuma, zobe mai ruwan jan ƙarfe yana nuna wata cutar gado da ke lalata hanta. Duk waɗannan an san dalilinsu, an tabbatar da su da gwaji, likita a Kano da likita a Alƙahira za su gani su faɗi abu ɗaya, kuma babu ɗaya da ke bin gidajen taswira.

Babbar taskar tana bayan ido. A 1851, shekara 30 kafin taswirar Péczely, Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido. Da shi likita ke ganin jijiyoyin jini a fili ba tare da ya yanka fata ba. Can ake ganin ɓarnar ciwon suga da hawan jini da sikila, da alamar matsi a cikin ƙwaƙwalwa. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja da ke karanta hoton bayan ido ta gano illar ciwon suga, bayan an gwada ta a kan ɗaruruwan marasa lafiya. Ƙarni ɗaya ya haifi madubin Helmholtz da taswirar Péczely. An yi musu tambaya iri ɗaya, ɗaya ya amsa, ɗaya ya kasa.

Me ya sa ake zuwa, kuma ina haɗarin?

Kada mu raina masu zuwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mutumin da ya wuni a layi likita ya sallame shi cikin minti uku, idan ya samu wanda zai zaunar da shi rabin awa, ya tambaye shi barcinsa da cinsa, ya nuna masa hoto ya yi masa bayani, dole ya ji an daraja shi. Da yawa daga cikin masu dubawar ma sun yarda da abinsu har zuciya. Suna ganin shekarun mutum da ƙibarsa da tafiyarsa, suna jin kukansa, sai su faɗi abin da ya dace da kusan kowa: gajiya, ciwon baya, cushewar ciki. Shawarar rage suga da gishiri da yawaita ganye tana da kyau, sai dai ba ta buƙatar taswira. Mu ma'aikatan lafiya akwai darasi a nan: lokacin da ba mu bayarwa shi wasu ke sayarwa.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko, a ce wa lafiyayye yana da ciwo, ya shiga damuwa, ya kwashe kuɗin cefane ya sayi kwalaben ƙarin abinci, sau da yawa daga hannun wanda ya duba shi. Na biyu ya fi tsanani, a ce wa mai ciwo lafiyarsa ƙalau. Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya ci rabin aiki kafin a ji shi, mutanen Gashuwa a Jihar Yobe sun san wannan fiye da kowa. Gwajin jini da na fitsari ne ke kama shi da wuri. Mace mai ƙullutu a mama da aka ce datti ne aka ba ta maganin wanke ciki, watannin da ta rasa ba sa dawowa. Haka hawan jinin ido, wanda binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Yana cin gani a ɓoye, mai iridoloji kuma yana iya kallon idon nan rabin awa bai gan shi ba, don ba a baƙin ido ake auna shi ba.

Saboda haka, duk wanda ya kawo muku sabuwar hanyar gwaji, ta ido ce, ta tafin hannu ce, ko wata na'ura da ake riƙewa ta zayyano cututtuka 40 a allo, ku yi masa tambaya uku. An taɓa gwada ta ba tare da mai dubawa ya san wane ne mai ciwo ba, kuma me aka samu? Idan mutum biyu suka duba ni daban-daban, abu ɗaya za su faɗa? Kuma wanda ya gano ciwon, shi ne mai sayar da maganin?

Ku kai idanunku a duba, amma wurin likitan ido ko ƙwararren ma'aikacin ido, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido mafi kusa da ku. Mai ciwon suga ya je a leƙa bayan idonsa sau ɗaya a shekara ko da yana gani tangaran. Wanda ya haura 40, ko wanda aka taɓa yin hawan jinin ido a danginsa, ya je a auna. Mai hawan jini ko suga ya nemi gwajin ƙoda. Wanda kuma aka riga aka faɗa masa wani abu ta hanyar iridoloji, kada ya daina maganin da likita ya ɗora shi a kai, ya je a tabbatar da gwaji.